Jakar Iska ta Bayan Hagu

Bayan motar ya daki bakin kwalbatin garejin, ƙarar ta sa kowa ya waiwayo. Tela ya taka birki, ya runtse ido kamar a jikinsa aka ji ciwon, sannan ya lallaɓa ya ƙarasa da ita ƙarƙashin rumfar kwano. Da ya fito ya dube ta, sai ya ga abin ya fi yadda yake da safe. Gabanta a ɗage, bayanta na hagu ya zauna daɓas a kan taya, kamar tsohuwar da ƙafa ta sage mata a tsakiyar hanya.

Bakanike yana zaune a kan wata kujerar mota da aka cire aka jingina da bango, yana wanke notina a cikin gwangwanin fetur. Mutum ne mai jiki, furfura ta cinye masa gemu. Bai ko tashi ba.

"Malam Tela, yau kuma Hajiyar taka gaisuwa take yi? Tun daga bakin titi na hango ta a durƙushe."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Injiniya. So nake ta tashi yau. Gobe da sassafe ina da tafiya."

"Zuwa ina?"

Tela ya faɗi sunan garin. Hannun Bakanike ya tsaya a cikin gwangwanin. Garin yinin tafiya ne cur, kuma kowane direba ya san hanyar da mugun suna.

"Da wannan motar?"

"Da ita."

Bakanike ya goge hannu da tsumma, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. "To, bari mu ji me ke damunta. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji Tela, kamar yadda ya saba cewa.

Shi ba mutumin manyan motoci ba ne. Sana'arsa ɗinkin labule da rigunan kujera, kuma da ƙafa ya saba zuwa shago. Ciwon 'yarsa ne ya sa ya mallaki wannan tsohuwar ƙatuwar mota. Autarsa ce, ba ta cika ashirin ba, tana tsakiyar karatun aikin malanta ciwon daji ya kama ta a ƙashin baya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. A farkon zirga-zirgar asibiti tasi suke shiga, duk ramin da taya ta faɗa sai yarinyar ta cije mayafinta, ƙwalla na zuba ba tare da sauti ba. Wata rana wani mai otal da yake yi wa labule ya rage masu hanya a cikin wannan motar. Suka isa ƙofar asibiti, Auta ta buɗe ido ta ce, "Baba, har mun zo?" Kafin satin ya fita Tela ya sayi motar a hannun mai otal ɗin. Auta ta raɗa mata suna Katifa.

Sirrin motar a ƙarƙashinta yake. Sauran motoci a kan sifirin na ƙarfe suke zaune, ita kuwa a bayan kowace taya akwai jakar roba mai kauri cike da iska, da wani ɗan inji da ake kira kwamfiresa yana hura su. A kan iska take tafiya.

"Kunna mu ji," in ji Bakanike. Ya juya ya ƙwala wa ƙanensa kira. "Rewaya, kashe mana rediyon nan, ba gidan biki muke ba."

Rewaya, mai aikin wayoyin mota, siriri ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya kashe rediyon yana gunaguni. "Kunnen da ya tsufa, ko an kashe duniya gaba ɗaya me zai ji?"

Tela ya murɗa makulli. Daga can ƙarƙashin but wani gurnani ya taso, ya yi ta yi bai tsaya ba. Bayan motar ya ɗan yunƙura kamar zai tashi, ya sake komawa. Bakanike ya durƙusa, ya zura hannu ya taɓa kwamfiresan, ya janye da sauri yana yarfe yatsu.

"Wannan ai sai a dafa shayi a kansa. Yana hurawa, iska na gudu. Tun yaushe take yi maka haka?"

"An kwana biyu. Da safe sai in tarar ta zauna, in na kunna ta ɗan jima sai ta miƙe. Na ɗauka halinta ne."

"Halinta ne," Bakanike ya maimaita yana girgiza kai. "Ka bar bawan Allah yana ɗiban ruwa da kwando. Rewaya, duba mana naka ɓangaren, kada mu ɗora wa roba laifin waya."

Rewaya ya buɗe akwatin fiyus, ya zare ya duba, ya mayar. Ya kwanta a kwali ya bi wayoyin da ke zuwa ɗan hannun ƙarfen da ke auna tsayin motar, ya girgiza shi, ya gwada da fitilarsa.

"Nawa lafiya lau, Yaya. Kullum dai ɓarnar a gidanku take."

Suka tura motar kan rami, suka sa jak. Tela ya koma gefe ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Tun jiya da la'asar bai zauna wuri ɗaya ba. Likitar da ke duba Auta ta kira shi ofishinta, ta ja masa kujera da kanta. Tun daga nan ya san ba lafiya ba, domin wata da watanni yana shiga ofishin nan ba a taɓa ja masa kujera ba. Ta yi magana a hankali tana kallon idonsa. Ta ce sun yi iyakar abin da za su iya. Za su haɗa masu maganin rage zafi, su kai ta gida ta huta a cikin 'yan'uwanta.

Ya ce ya ji labarin wani babban asibiti a wancan garin, an ce suna da na'urorin da babu a nan.

"Baba, ba zan hana ka ba, 'yarka ce," in ji likitar. "Amma abin da muka gani su ma shi za su gani. Sannan ƙashin bayanta yanzu..."

Bai ji sauran ba. Ya riga ya fara lissafin man da zai sha da filon da zai jera. A barandar asibitin matarsa ta tare shi, ta ce, "Baban yara, yarinyar nan gida take so."

"Ke ma kin sallama ta ke nan?"

Matar ta dube shi. Ta koma ciki. Daga jiya zuwa yau ba su sake wata magana ba sai ta ruwan zafi da makullin gida.

Dariyar Bakanike ce ta dawo da shi. An cire tayar bayan hagu, mutumin yana tsaye a cikin rami yana riƙe da ciki.

"Rewaya, zo ka ga abin da ban taɓa gani ba tun da na fara riƙe sifana. Mota da siket."

Jakar iskar tana sanye da riga. Yadin labule ne mai kauri, ja mai furanni ruwan zinariya, ko da yake taɓo ya dusashe shi. An ɗinka shi daidai jikin jakar, an yi masa kalmasa sama da ƙasa, har da zif a gefe.

Rewaya ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Har da zif. Malam Tela, ɗinkin ya zauna, wallahi. Nawa ne in kawo tawa a auna ta?"

Tela ya ce, "Wanda ya sayar min da motar ne ya ce min in kula da jakunkunan, su ne ran motar. Na ga tsakuwa na dukansu, rana da ruwa duk a kansu. Na ce bari in rufa masu asiri."

"Duka huɗun?"

"Duka huɗun."

Bakanike ya ja zif ɗin. Yashi ya zubo masa a hannu, jiƙaƙƙe, mai yawa, kamar an juye kofi. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya shafa jikin robar da babban yatsa, ya ɗauko gorar ruwan sabulu mai hudajjen murfi ya fesa, ya ce a kunna. Da kwamfiresan ya fara gurnani, sai kumfa ta taso a gindin jakar, ta yi ta tashi tana fashewa kamar tukunya ta tafasa.

"Sauko ka gani da idonka."

Tela ya tattare riga ya sauka ramin. Bakanike ya haska masa da tocila.

"Ka ga nan? Nan ne take lanƙwashewa duk lokacin da mota ta yi sama ta yi ƙasa. In a buɗe take, yashi ya hau ya zube. Rigar nan taka ita ta tara shi ta riƙe, mota na tafiya yana gurzar robar. Ga shi ya ci ta har zare ya fito."

Tela ya kai hannu ya taɓa wurin. Iska mai sanyi na hura masa yatsa. Ya tuna ranar da ya yi ɗinkin, yadda ya kwanta a ƙasa da tef ɗinsa yana awo, Auta na zaune a kujera a ƙofar gida tana yi masa tsiya, tana cewa saura ya ɗinka wa tayoyin safa.

"Ba a yi mata faci?"

"A wurin lanƙwasa? Kafin ka kai bakin titi ya ɓalle."

"Ko a ɗinke, a bi da gam..."

"Malam Tela," in ji Bakanike, ba da faɗa ba, "ɗinki ya isa haka."

Suka fito daga ramin. Bakanike ya zauna a kujerarsa, ya ja wa Tela wata jarka. Ya yi masa bayani dalla-dalla. Sabuwar jaka babu ita a garin nan, sai an yi oda, kuma ba ta zuwa a sati ɗaya ko biyu. Akwai tsohuwa a jikin wata irin motar da ta yi hatsari, tana can bayan gareji, za ta iya yin aiki a cikin gari in ana tafiya a hankali. Amma ga kwamfiresa da ya riga ya jigata, ga sauran jakunkunan uku su ma yashi ya lashe su. In aka hau waccan doguwar hanya da su, a tsakiyar daji motar za ta zauna, inda ko mai faci babu.

"Abin da zai kai ka can ɗaya ne. Mu cire jakunkunan gaba ɗaya mu sa mata sifirin. Ƙarfe ba ya yoyo. Yau ɗin nan mu gama, ka je ko ƙarshen duniya ne. Sai dai ka sani, irin nata ba ya samuwa, na motar kaya muke yankewa mu daidaita. Taushin nan da ka sani, ka yi ban kwana da shi."

"Za ta kai ni dai?"

"Ta kai ka ta dawo da kai."

"A sa sifirin."

Bakanike ya ɗan dube shi. Ya ce wa Rewaya ya fara cire wayoyin kwamfiresa, shi kuma ya shiga ɗakin kaya. Can aka ji yana jan ƙarafa a ƙasa.

Wayar Tela ta yi ƙara. Lambar matarsa ce, amma muryar Auta ce ta fito, ƙasa-ƙasa, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Baba, ina ka shiga? Mama ta ce Katifa ta yi yaji."

Ya tashi ya koma bayan wata motar da babu tayoyi. "Ana lallashinta, Uwata. Ya jikin?"

"Jiki yana nan inda ka bar shi. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Baba, ka manta ni ce nake kama ka in ka yi ƙarya? Muryarka ta yunwa ce."

Ya yi ɗan murmushi. Ya ji numfashinta a wayar, da ƙarar keken magani ana turawa a bayanta.

"Na ji maganarku da Mama jiya," ta ce. "Barandar nan ba ta da sirri. Kada ka yi fushi da ita."

"Ban yi fushi ba."

"In ka ce mu tafi can, mu tafi. Na san ba za ka iya zama ba in ba ka gwada ba. Ni dai ka taho da filo da yawa. Kuma ka ce wa nas ta ƙara min allurar nan kafin mu tashi, wadda take sa ni barci. In na yi kuka a hanya kada ka tsaya, ka ji? In ka tsaya tashin ya fi ciwo."

"Uwata..."

"Ai a Katifa ne, ba komai. Da a wata motar ce da na ce ka yafe min." Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ka sayi ko biredi ne, don Allah. Ga Mama."

Amma matar ba ta karɓa ba, wayar ta katse.

Tela ya daɗe tsaye yana kallon gilashin motar da ƙura ta rufe. Da ya dawo rumfar, ya tarar Bakanike ya fito da sifirin guda biyu, baƙaƙe, kowanne kaurin ƙarfensa ya kai babban yatsa. Ya jefar da su a ƙasa, suka yi tsalle da ƙara.

"Injiniya, akwai wadda ka taɓa yi wa irin wannan aikin a kusa?"

"Ga ta can, farar nan. Ta wani ɗan kasuwa ce, birki ya kawo ta. Bara na sa mata, har yau ko tari ba ta yi ba."

"Ka ɗan zaga da ni a ciki."

Bakanike ya ɗauko makulli. Ya buɗe wa Tela gaba, amma Tela ya buɗe ƙofar baya. Ya cire hularsa da takalmansa, ya hau kujerar ya kwanta rigingine, ya tanƙwashe gwiwoyi, ya ɗora hannuwa a ƙirji.

Rewaya ya leƙo daga ƙarƙashin but. "A'a, Malam Tela, barci za a yi mana? Yaya, ka sa masa waƙar reno."

Bakanike ya tsaya da hannu a kan ƙofa yana kallon mutumin da ke kwance. Ya rufe ƙofar a hankali, ya zagaya ya shiga.

Kwalbatin bakin garejin ce ta fara. Tela ya ji ta a ƙugu, ta bi ƙashin bayansa har ƙeya. Ya rufe ido. A zaune a gaba mutum yana ganin rami kafin ya zo, jikinsa ya shirya. A kwance babu wannan, sai dai kawai a ji duka daga ƙasa. Ya ji inda aka yi wa kwalta faci, ya ji murfin lambatu, ya ji tsakuwar da ba zai taɓa lura da ita ba. A tudun rage gudu na gaban makaranta, duk da Bakanike ya kusa tsayawa, haƙoransa sai da suka haɗu. Ya gwada riƙe numfashi kamar yadda yake gani tana yi. Ya gwada danna bayansa a kujera. Shi da ƙashinsa yake lafiya, kafin su zagayo ya ji gumi ya jiƙa masa wuya.

Motar ta tsaya. Bai tashi ba. Yana kallon rufin motar, inda yadin ya saki ya yi ciki.

"Hanyar can haka take?" ya tambaya.

Bakanike bai juyo ba, ta madubi yake kallonsa. "Wannan ai titin cikin gari ne. Can in ka wuce babbar gada kwalta ta ƙare, sai inda ta ga dama ta dawo." Ya sake dubansa. "Yarinyar ce za ka kai?"

"Sun ce in kai ta gida."

Injin yana ta aiki. Wani mai tura ruwa ya wuce ta gefensu yana buga jarka. Bakanike ya kashe motar, ya zauna riƙe da sitiyari. Tela ya ɗora damtsensa a kan idanunsa. Kafaɗunsa suka yi ta motsi, babu sauti. Bakanike ya zauna da shi har ya gama.

Da suka fito, Tela ya sa hularsa, ya ce, "Nuna min tsohuwar jakar."

Suka zaga bayan gareji inda mushen motar yake, gabanta a murƙushe, ciyawa ta fito ta cikin tagogi. Bakanike ya kwanta da kansa ya kwance jakar. Ya kawo ta rumfa, ya wanke, ya toshe bakinta ya hura mata iska, ya danna ta a cikin rabin duro na ruwa. Su uku suka sunkuya suna kallo. Ruwan ya lafa. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta taso ba.

Ya ciro ta ya juya ta a rana, ya lanƙwasa robar da yatsu. Wasu ƙananan tsagu suka bayyana, sirara kamar gashi.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam Tela. Yau tana riƙe iska, amma rana ta gasa ta. Wata biyu za ta yi maka. In ka lallaɓa ta, uku."

Tela ya karɓi jakar, ya riƙe ta da hannu biyu. Ruwa na ɗiga daga jikinta a kan takalminsa.

"Ya isa," ya ce.

"To ai sai a yi odar sabuwa tun yanzu," in ji Rewaya, "kafin nan ta iso, ka ga sai..."

"Je ka mayar da wayoyin da ka cire," Bakanike ya katse shi.

Rewaya ya dubi yayansa, ya dubi Tela. Ya gyara zaman tabaransa, ya tafi.

Aikin ya ɗauke su har bayan azahar. Bakanike ya ɗaura jakar, ya yanke bakin tiyon iskar inda ya bushe ya sake sa shi, ya fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ya jira. Ya bi sauran tayoyin ya tuɓe wa jakunkunan rigunansu, ya wanke yashin da ruwa. Ya buɗe kwamfiresan ya busar da shi ya share. Tela yana riƙe masu tocila, ana ce masa matsa nan yana matsawa.

Da aka sauke jak, Bakanike ya ce a kunna. Gurnanin ya taso. Bayan motar ya motsa, ya fara ɗagowa kaɗan-kaɗan, taya na fitowa daga inda ta ɓuya, har motar ta daidaita a kan ƙafafunta huɗu. Sai kwamfiresan ya yi tsit da kansa. Suka tsaya suna saurare. Ba abin da ke fita.

Bakanike ya zagaya ya ɗan rage iskar tayoyin. "Wannan zai ƙara mata laushi. In za ku sa ta a ciki, danna maɓallin nan na kusa da giya, motar za ta sauko ƙasa, ba sai kun ɗaga ta da yawa ba. In kun rufe ƙofa ka sake dannawa." Ya riƙe ƙofar direba har Tela ya zauna. "In ta yi maka wani abu, ko ina ne, kira ni. Ba sai ka kawo ta ba."

Rewaya ya dawo daga bakin titi da biredi a leda, ya ajiye a kujerar gaba ta taga, ya juya kamar ba shi ba.

A asibiti Tela ya tarar matarsa ta gama haɗa kaya, tana zaune a bakin gado. Auta ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa, amma idanunta na nan yadda suke. Ta dubi hannuwansa.

"Ina filon?"

"Na gida sun isa," ya ce. "Gida za mu, Uwata."

Matarsa ta ɗago kai. Ya kasa haɗa ido da ita, ya sunkuya ya ɗauki jakar kaya da fulas. Auta ta daɗe tana kallonsa.

"Yau?" ta ce.

"Yanzu."

Ta miƙo hannu ta kama gefen rigarsa, inda baƙin mai ya ɓata, ta riƙe. "Ka ga yadda ka yi da rigarka. Mama za ta kashe ka."

Ma'aikata biyu suka turo ta a gado har bakin mota. Ya danna maɓallin, motar ta yi ajiyar zuciya ta sauko. Suka zura ta a kujerar baya da zanin gadonta, ta cije leɓe har aka gama. Uwar ta zauna a gefe ta ɗora kan 'yar a cinyarta. Ya rufe ƙofa, ya sake dannawa, motar ta tashi da su a hankali.

Ya bi gefen titi kamar mai ɗauke da ƙwai. Masu babura suna yi masa hon suna wucewa, wani direban bas ya leƙo ya tambaye shi ko motar ta gado ce. Bai kula ba. Idonsa na kan kwalta, yana kauce wa abin da zai kautu, wanda ba zai kautu ba ya hau shi da taya ɗaya-ɗaya. Daga baya yana jin muryarta tana tambayar uwar ko an gyara tagar ɗakinta, ko kyanwar maƙwabta ta haihu. Ta ce a bi ta gaban shago ta ga labulen da aka rataye. Ya bi. Bayan nan maganar ta fara tsinkewa, ta zo ta tsaya.

Ya duba madubi da sauri. Matarsa ta ɗora yatsa a leɓe. Ƙirjin yarinyar na hawa yana sauka a hankali, bakinta a ɗan buɗe, goshinta ya saki. Rabon da ya ga ta yi barci ba da allura ba har ya manta.

Suka shigo layinsu rana ta yi sanyi. Ga ƙofar gidan, yayyenta biyu na tsaye a waje suna jira, an buɗe get ɗin gaba ɗaya. Tela ya ɗora ƙafa a birki, ya tuna ɗagawar da za a yi, da 'yar matakalar ƙofar ɗaki. Ya sake duba madubi. Matarsa na kallonsa, ta gyaɗa kai kaɗan.

Ya ɗaga wa yaran hannu alamar su jira, ya ɗauke ƙafarsa daga birkin. Motar ta wuce ƙofar gidan a hankali, ya sa sigina, ya karya kwana zuwa titin da ya fi santsi.